Yawon buɗe ido a Chiang Mai

Chiang Mai birni ne a arewacin ƙasar Tailan, kimanin kilomita 700 daga Bankok. Ya shahara a wajen matafiya masu ƙaramin guzuri, waɗanda ke goya jakarsu a baya suna sauka a masauki mai araha.

Duwatsun da suka kewaye birnin ne ke jawo su. Sukan hau Doi Suthep da ƙafa, su ziyarci Doi Inthanon, dutse mafi tsayi a Tailan (mita 2,565), su kuma tuƙa kwalekwale a kogin Mae Taeng.

An fi zuwa tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin sanyi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu hayaƙin ƙona gonaki da dazuzzuka kan turnuƙe birnin, har ya cutar da numfashi.