ƘIBA BA ARZIKI BA CE

Jama'ar ƙasar Bagudo, ku saurara. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ita.

A da, mutumin Illo ko Lolo da ƙafa ya kan ci kasuwa, ko ya tuƙa kwalekwale a Kwara da ƙarfin hannunsa. Mata kuwa su surfa, su daka, su ɗebo ruwa. Yanzu ga babur, ga injin niƙa, jirgin ruwa ma da inji. Sauƙi ne, mun gode Allah. Amma mai kanti, da ɗan kabu-kabu, da direba mai jigila zuwa Tsamiya bakin iyakar Benin, da uwargida da ke cikin kulle, sun koma wuni a zaune. Abincin da jiki bai yi aiki da shi ba kuwa, kitse ya ke zama.

Mutane su kan ce mai tumbi ya ji daɗi. Ba haka ba ne. Kitsen ciki ya kan jawo ciwon suga da hawan jini, hawan jini kuwa ya kan kai ga shanyewar ɓarin jiki. In maigida ya kwanta, wa zai ci da gida?

YADDA ZA KA AUNA KANKA

Sami igiya, ka yanke ta daidai tsawonka. Ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita sama da cibiya kaɗan. In bakinta bai haɗu ba, kitse ya yi yawa. Wannan awo ba na mai juna biyu ba ne.

ABIN DA ZA KA YI

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa kullum har kwana 5.

1. Fara da tafiyar minti 10 bayan Asuba ko bayan La'asar, sa'ad da rana ba ta da zafi. Kowane mako ka ƙara minti 5.
2. Yi sauri har numfashi ya ƙaru, amma kana iya magana.
3. In wurin kusa ne, ajiye babur, ka taka ko ka hau keke.
4. Uwargida, shara da daka da zagaya tsakar gida da hanzari duk motsa jiki ne.
5. Rage tuwo da shinkafa, ka yawaita wake da zogale da kifi. Rage mai da lemon kwalba da sukarin shayi. Gishiri kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya a wuni, har da na dunƙule.

GARGAƊI

Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin malamin asibiti. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya, ya nemi asibiti. Kada a rage wa yara da masu juna biyu da masu goyo abinci da sunan rage ƙiba. Kada ku sayi maganin rage tumbi a kasuwa. Wanda kuma ya ke ramewa haka kawai, ga ƙishirwa da yawan fitsari ko tari, ciwo ne, a kai shi a duba.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa. Rigakafi ya fi magani.