Lalacewar Ƙwayar Gado a Maniyyi da Tasirinta ga Dashen Ciki: Duba ta Fuskar Likitanci da Fiƙihu

 

Sanannen abu ne a Garo, Kabo da Gwarzo, kamar sauran ƙasar Hausa, cewa idan aure ya daɗe babu haihuwa, ko ciki ya riƙa zubewa, matar ake fara tuhuma. Ita ake kaiwa wurin mai magani, ita ake kira juya, ita ake yi wa kishiya. Idan kuwa mijin ya yarda aka auna maniyyinsa, aka ce yana da yawa kuma yana motsi, sai a ɗauka an wanke shi. Wannan maƙala za ta nuna cewa wankewar ba ta cika ba, sannan ta dubi abin da hakan ke haifarwa a hukunci.

Aya ta 2 a Suratul Insan ta siffanta ɗigon da aka halicci mutum daga gare shi da cewa gauraye ne, kuma malaman tafsiri sun fassara shi da haɗuwar ruwan namiji da na mace. Likitanci ya ƙara bayani: kowace ƙwayar maniyyi tana ɗauke da rabin saƙon gado, wato DNA, ƙwan mace kuma yana ɗauke da ɗaya rabin. Awon da aka saba yi a asibiti yana duba yawan ƙwayoyin, da motsinsu, da siffarsu. Ba ya buɗe saƙon da ke cikin kansu. Ƙwaya tana iya yin iyo da ƙarfi alhali zaren gadon da ke cikinta ya tsintsinke. Tun 1980 Donald Evenson ya fito da hanyar auna wannan tsinkewa a Amurka, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan awo cikin ƙarin gwaje-gwaje a bugu na shida na littafinta na binciken maniyyi.

Babban sanadin ɓarnar shi ne wasu sinadarai da jiki ke samarwa, masu cin ƙwaya kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Suna ƙaruwa da shan taba, ƙiba, ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba, zazzaɓi mai zafi, yawan shekaru, da kumburin jijiyoyin maraina. Akwai kuma bincike da ke danganta maganin feshin ƙwari da raunin maniyyi, abin da ya kamata manoman rani na yankinmu su kula da shi, domin da yawa suna feshi ba safar hannu ba takunkumi.

An haifi Louise Brown, jaririyar farko ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a wajen mahaifa, a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978. A 1992 likitoci a Beljiyam suka ƙware wajen ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya su cusa ta cikin ƙwai da allura, lamarin da ya buɗe ƙofa ga mazan da maniyyinsu ya yi ƙaranci. Sai dai mai allurar da ido yake zaɓe, ido kuwa ba ya ganin tsinkewar gado. Ƙwan zai iya karɓar maniyyin, ya fara rabuwa lafiya, domin a kwanakin farko abin da uwa ta tanada a cikinsa ne ke tafiyar da shi. Wajen kwana na uku gadon uba yake fara aiki sosai, a nan ne aibin ke bayyana: ɗan tayin ya tsaya, ko ya ƙi kama mahaifa, ko ya kama ya zube bayan makonni. Wani nazari da Robinson da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, wanda ya tattara bincike 16, ya sami cewa haɗarin ɓari ya kai kimanin ninki biyu idan tsinkewar ta yi yawa. Ga shi kuwa a jikin mace jinin ke fita, don haka ita ce ke ɗaukar laifin.

Wajibi ne a yi adalci ga ilimin kansa. Ƙwan mace, musamman mai ƙuruciya, yana iya gyara wani sashe na ɓarnar. Hanyoyin awon sun bambanta, masana ba su haɗu a kan iyaka ɗaya ba, kuma ba su ce a yi wa kowane namiji ba. An fi ba da shawararsa idan ɓari ya maimaitu, ko dashe ya faɗi ba tare da sanannen dalili ba.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na uku a Amman cikin Oktoba 1986, ta halatta dashe idan buƙata ta kama, da sharaɗin maniyyin miji ne, ƙwan matarsa ne, mahaifarta ce. Ta haramta duk surar da wani na uku ya shigo, saboda cakuɗuwar nasaba. Wannan yana da muhimmanci a nan, domin a wasu ƙasashe mafitar da ake bai wa irin wannan miji ita ce maniyyin wani. Musulmi ba shi da wannan ƙofa. Abin da ya rage masa shi ne gyaran nasa: barin taba, maganin ciwon sanyi, aikin jijiyoyin maraina idan likita ya ga dacewarsa. Samuwar sabon maniyyi na ɗaukar kimanin kwana 74, saboda haka ana jiran wajen wata uku kafin a sake awo. Ciro maniyyi kai tsaye daga maraina, wanda wasu likitoci ke yi domin tsinkewar ta fi ƙaranci a can, bai saɓa wa sharaɗin ba tunda na mijin ne, ko da yake hujjar amfaninsa ba ta gama ƙarfi ba.

Abin da na fi rinjayarwa shi ne, bai dace miji ya tura matarsa ga allurai na makonni, da ciro ƙwai, da buɗe al'aura gaban likita, da kashe dukiya mai yawa, alhali ya ƙi awon da likita ya nema daga gare shi ba. Buɗe al'aura larura ce ta halatta shi, larura kuwa gwargwadonta ake ƙaddara ta. Gaskiya ne a mashhurin mazhabar Malikiyya rashin haihuwa ba ya cikin aibobin da ke ba da zaɓin raba aure, amma an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya umarci wani mutum da ba ya haihuwa ya sanar da matar da ya aura, ya ba ta zaɓi. Ibnul Ƙayyim ya kafa hujja da wannan a Zadul Ma'ad. Don haka wanda aka ba shi sakamako ya ɓoye, ya bar dangi suna goranta wa matarsa, ya haɗa cutarwa da algus.

Dokar gwajin lafiya kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Mayun 2024 ta shafi cututtuka irin su ƙanjamau, ciwon hanta da sikila, ba ta shafi haihuwa ba, kuma ba na ganin a shigar da wannan awo cikinta, domin sakamakonsa yana sauyawa daga wata zuwa wata. Wurinsa shi ne ɗakin likita, bayan ɓari na biyu ko na uku, miji da mata suna zaune tare.