Yadda gurbin da aka bari babu komai ke rikita lissafi a kwamfuta

A ofisoshi da makarantu da dama, aikin tattara makin ɗalibai da albashin ma'aikata ya tashi daga kan takarda ya koma cikin kwamfuta, inda ake amfani da jadawalin lissafi irin su Excel.

Irin wannan manhaja dai ta samo asali ne daga VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a shekarar 1979, kafin kamfanin Microsoft ya fito da Excel a 1985.

Sai dai akwai wani kuskure da ke yawan faruwa ba tare da an lura ba. Idan aka bar gurbi babu komai a ciki, kwamfuta kan ɗauke shi a matsayin sifili wajen lissafi.

Ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba

Alal misali, malami ya zuba makin ɗalibansa a jadawali, ya kuma rubuta umarnin sharaɗi kamar haka: =IF(B2<40,"Ya faɗi","Ya ci"). Ma'anarsa ita ce, idan makin da ke gurbin B2 bai kai 40 ba, a rubuta "Ya faɗi", in kuwa ya kai, a rubuta "Ya ci".

To, idan wani ɗalibi yana kwance a asibiti ranar jarrabawar, aka bar gurbinsa babu komai, Excel zai ɗauka sifili ya samu, ya rubuta masa "Ya faɗi". Ta haka ne za a haɗa wanda bai zauna jarrabawa ba da wanda ya zauna bai ci komai ba.

Maganin wannan shi ne a sa kwamfuta ta fara duba gurbin kafin ta yanke hukunci: =IF(B2="","Bai zauna ba",IF(B2<40,"Ya faɗi","Ya ci")). Alamun zance guda biyu da babu komai a tsakaninsu, su ne ke nufin gurbin fayau yake.

Wasu malaman kan cike irin wannan gurbi da sifili domin jadawalin ya yi kyan gani, amma hakan na ɓata matsakaicin makin aji. Umarnin AVERAGE yana tsallake gurbin da babu komai, amma yana ƙirga sifili. Idan ɗalibai uku suka samu 60 da 70 da 80, aka bar na huɗu babu komai, matsakaicin zai fito 70. Da zarar an sa wa na huɗun sifili kuwa, sai ya sauko zuwa 52.5.

Ba kowane fili ne fili ba

Akwai kuma umarnin ISBLANK, wanda aikinsa shi ne tantance ko gurbi babu komai. Sai dai yana da tsauri, domin ba ya amincewa sai da gurbin da babu komai a cikinsa kwata-kwata.

Idan wani umarni ne ke cikin gurbin, kuma sakamakonsa ya zama ba ya nuna komai, ido zai gan shi fili, amma ISBLANK zai ce a cike yake. Shi ya sa gwajin B2="" ya fi dacewa a mafi yawan lokuta, tun da yana kama nau'o'in biyu.

Irin wannan gurbi yana da wani haɗarin. Excel na ɗaukar abin da ke cikinsa a matsayin rubutu, kuma wajen kwatantawa yana ɗora rubutu a sama da kowace lamba. Saboda haka umarnin da ke bai wa ɗalibin da ke asibiti "Ya faɗi", a nan "Ya ci" zai ba shi, alhali babu makin ko ɗaya.

Haka kuma, mai shigar da bayanai kan danna maɓallin tazara bisa kuskure, ya bar tazarar da ido ba ya gani. A nan duka gwaje-gwajen biyu za su gaza. Abin da ke kama ta shi ne TRIM(B2)="", domin TRIM na share tazarar kafin a duba.

Inda lamba kaɗai ake buƙata, hanya mafi sauƙi ita ce amfani da ISNUMBER, wanda ba ya barin a ci gaba da lissafi sai ya tabbatar lamba ce a gurbin.

Ɓoye kuskure

Idan aka raba wata lamba da gurbin da babu komai, Excel kan nuna alamar #DIV/0!, wadda ke nufin an yi rabawa da sifili.

Tun daga Excel na 2007 aka samar da umarnin IFERROR, wanda ke maye gurbin irin wannan alama da duk abin da aka zaɓa. To amma shi ba ya bambance kurakurai. Zai rufe na gurbin da aka bari fili, ya kuma rufe na umarnin da aka rubuta ba daidai ba.

Don haka ya fi kyau a gwada gurbin kai tsaye, a bar sauran kurakuran su fito fili domin a gyara su.

Kafin a miƙa sakamako ko takardar albashi, yana da kyau a goge lamba ɗaya da gangan, a ga abin da jadawalin zai rubuta, sannan a mayar da ita.