KIFIN GWANGWANI DA DANGINSA

Kifin nan da a ke sayarwa cikin gwangwani a kantuna, wanda a ke kira sadin, mutane da yawa suna tsammani iri ɗaya ne. Ba haka ba ne. Ƙananan kifayen teku fiye da iri 20 ne a ke sa wa wannan suna.

Masana sun kasa kifaye dangi-dangi, kamar yadda manomi ya ke bambanta gero da maiwa da dawa. Babban dangin da sadin ya fito ciki ya kai wajen iri 400. A cikinsu akwai na bakin tekun Maroko, wanda a ke yawan sa wa a gwangwani, da bonga da a ke yin bandarsa a Kudu. Har a tafkin Kainji akwai 'yan'uwansu ƙanana.

Ga yadda a ke gane su. Bayansu duhu ne, cikinsu fari kamar azurfa, fiffike ɗaya a gadon baya, wutsiya mai baki biyu. Yawancinsu ba su wuce inci 12 ba. Garke-garke su ke tafiya, dubbai a wuri ɗaya. Abincinsu kuwa wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ke yawo cikin ruwa. Kifin ya kan buɗe baki, ruwa ya shiga, sa'an nan ya tace su da wani abu mai kama da rariya a maƙogwaronsa.

A gaɓar tekun Gana, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa mai sanyi ya kan taso daga ƙasa ɗauke da taki. Abinci ya yawaita, kifi ya zuba ƙwai. Watau wannan ita ce daminar masunta.

To, amma yawa ba ya hana ƙarewa. A 1972 masuntan Gana suka yi kamun da ba su taɓa yi ba, a 1973 kifin ya yi ƙaranci ƙwarai, sai da aka shekara da shekaru ya komo. Kamu ya yi yawa, yanayin ruwa kuma bai taimaka ba.

Kifin nan shi ne naman talaka, da garinsa kuma a ke haɗa abincin kaji. In ya yi wuya a teku, kasuwa ta ji. Saboda haka a ke hana masunta taru mai ƙananan idanu, don 'ya'yan kifi su girma su hayayyafa. Manomin da ya cinye irinsa da rani, me zai shuka da damina?