Ina Za A Zubar Da Zafi A Sararin Samaniya?

Galibinmu mun ɗauka sanyi ne babban abin tsoro ga kumbon da ya bar duniya. To, ga masu ƙera kumbo mai aiki da nukiliya, zafi ne ke hana su barci.

Dalili kuwa, injin nukiliya zafi yake samarwa, kuma kaɗan daga ciki ne ke komawa lantarki. A shekarar 1965 Amurka ta harba wani mai suna SNAP-10A. Zafinsa ya kai wajen wat 30,000, amma lantarkin da ya bayar wat 500 ne da 'yan kai. Sauran dole a zubar, in ba haka ba injin ya cinye kansa.

A nan ƙasa abin da sauƙi. Mota tana da lagireto, iska na bugunsa tana kwashe zafin. Can sama kuwa babu iska, babu ruwa. Mu tuna da filas ɗin shayi: yana riƙe zafi ne don an zuƙe iskar da ke tsakanin bangayensa biyu. Kumbo a sarari tamkar shayin nan yake.

Hanya ɗaya ta rage, wato irin hucin da ke dukan fuskarmu daga nesa idan muka tsaya a maƙera. Ta haka zafin rana ma ke iso mu. Shi ya sa ake ɗora wa kumbo faffaɗan lagireto. A SNAP-10A an yi masa siffar mazurari, ruwan ƙarfe na sodiyam da fotasiyam yana zagaya bututu yana kai masa zafi, shi kuma yana furzar da shi cikin duhu.

Ga inda gizo ke saƙa. Idan aka ninka zafin lagireto sau 2 a ma'aunin Kelvin, hucin da yake fitarwa zai ninku sau 16, sai a wadatu da ƙarami. Amma da zarar lagireto ya yi zafi sosai, lantarkin da ake samu sai ya ragu. In an bar shi da sanyi-sanyi, dole ya yi faɗi da nauyi, ga tsadar harbawa. Gaba kura, baya sayaki.

Saboda haka duk ranar da muka ji ana shirin kai ɗan Adam duniyar Mars da ƙarfin nukiliya, mu fara tambaya: ina za a zubar da zafin?