Farmasin da suka ɓace daga wayar mutanen Yamai

Ƙanwata da abokan aikinta suna da wata 'yar manhaja da ke nuna wa mutanen Yamai inda farmasi yake, komin ta ɗaya har ta biyar. Kwatsam sai ƙorafi ya fara shigowa: wani a Harobanda yana tsaye ƙofar farmasi, amma wayarsa ta ce babu shi. Wata a Yantala ma haka. Mai neman magani da yaro a goye ba ya jiran a yi bincike, shi ya sa hankalinsu ya tashi.

Rumbun bayanai suka fara dubawa. Kowane farmasi na nan da sunansa da unguwarsa, ba a goge ko ɗaya ba.

Sai zargi ya koma kan shafi-shafi. Da Django aka gina manhajar, wanda ya fito daga garin Lawrence na Amurka a 2005, aka ɗora masa Tastypie don ya riƙa ba wayoyi amsa bisa tsarin REST da Roy Fielding ya bayyana a 2000. Tastypie kuwa, in ba a ce masa komai ba, abu 20 yake bayarwa a shafi guda. Wataƙila wayar shafin farko kawai take karantawa? Amma kowace amsa tana zuwa da jimilla a total_count, kuma jimillar kanta ce ta ragu. Ashe tun daga saba ake tauye lissafin.

Da mako ya zagayo, wasu da suka ɓace suka dawo, wasu da ke nan suka ɓace. Ranar ƙanwata ta kira ni: "Yaya, wane irin kuskure ne mai canza sheƙa duk mako?" Wani mai sayar da magani da suka nuna wa jerin ne ya gane: ai waɗannan su ne masu gadin wannan makon, masu kwana buɗe.

Nan take ta buɗe adireshin /api/v1/, inda Tastypie ke jera duk abin da aka yi wa rajista ƙarƙashin rukuni guda. Uku take tsammani: komin, farmasi, gadi. Biyu ta gani. A fayil ɗin urls.py kuwa layin register uku ne cif.

Ga yadda abin ya faru. Wanda ya fara shirya sashen gadi, da ba a riga an buɗe wa jama'a ba, ya kwafi ajin farmasi ya sa masa matatar makon, amma ya bar resource_name yadda yake. Rukunin Api da suna yake ajiye kowane abu, kamar mai gidan haya da ya ba mutum biyu ɗaki ɗaya: na baya ne ke kwana ciki. Gadi ya zo daga baya, ya gaje adireshin farmasi. Tastypie ya yi gargaɗi cewa sabo na maye gurbin tsoho, layi guda cikin tulin saƙonnin saba, bai tsayar da aiki ba. A ganina nan ya yi sassauci da yawa. Ya kamata a ce ya ƙi tashi.

Suka canza sunan zuwa gadi, suka ƙara gwajin da ke kwatanta jerin /api/v1/ da sunayen da ake tsammani kafin a saki kowane sabon gyara.