SIDA: jiki na kururuwa, ƙwayar cuta na sake kama

Ƴan uwa ƴan kasuwa, tambayar da muke yawan ji game da cutar SIDA, wato ƙanjamau, ita ce: don me likita ke hana tsallake magani alhali mutum yana jin ƙarfin jikinsa? Amsar tana cikin yadda jiki ke kiran dakarunsa, da yadda ƙwayar cutar ke sake kama.

A cikin jininmu akwai ƙwayoyi masu gadi, jagororinsu su ne waɗanda ake kira CD4. Mai lafiya yakan sami 500 zuwa 1.500 a awon jini. Masu gadin nan suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai da masana ke kira sitokin. Aikinsu irin na mai shela ne: ɓarawo ya shigo, kowa ya fito.

Mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa, kururuwar takan yi yawa. Ita ke kawo zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da kaluluwa, har mutum ya ɗauka cizon sauro ne. Abin damuwa shi ne, ƙwayar SIDA ta fi hayayyafa a cikin CD4 ɗin da shelar ta tayar. Ke nan jiki na kiran agaji, ita kuwa abinci ake tara mata.

Kuma ba ta zama da kama ɗaya. A 1996 masana a Amurka sun ƙiyasta cewa jikin wanda ba ya shan magani na fitar da sababbin ƙwayoyi kusan miliyan dubu 10 kowace rana, ga shi tana yawan kuskure wajen kwafar kanta. Wadda dakarun jiki suka gane, su kashe. Wadda kamarta ta sauya, ta tsira ta yaɗu. A shekarar ce kuma aka gano tana shiga CD4 ta wata ƙofa, CCR5, wadda jiki ya tanada don karɓar saƙon sitokin. In cutar ta yi nisa, a wasu mutane takan koma wata ƙofar, CXCR4, daga nan CD4 kan zube da sauri. Da sun yi ƙasa da 200, tarin fuka da sauran cututtuka sun sami hanya.

Nau'in da ya fi yawa a nan Afirka ta Yamma, CRF02_AG, shi kansa gauraye ne na iri biyu da suka haɗu a jiki ɗaya. Don haka ko mai ɗauke da cutar ya kiyayi ƙara kwasar wani irin.

To, in aka tsai da magani fa? An gwada. Binciken SMART ya haɗa mutane 5.472 a ƙasashe 33, wasu na shan magani kullum, wasu na hutawa. A 2006 aka dakatar da shi, domin hatsarin ciwo mai tsanani ko mutuwa ya wuce ninki biyu ga masu hutawar. A 2008 da aka duba jininsu, an ga wani sitokin mai suna IL-6 ya tashi bayan sun daina sha, kuma waɗanda nasu ya yi sama sun fi mutuwa. Banda haka, shan magani yau a bari gobe na ba ƙwayar damar fitar da irin da magani ba ya ci.

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da cutar ya fara magani nan take. Mai sha a kan ƙa'ida, ƙwayar takan ragu har awo ya kasa ganinta, kururuwar jiki ta lafa, kuma ba ya sa wa iyalinsa ta hanyar kwanciya.

Saboda haka mai bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko Ƙonni zuwa Illela, ya ƙirga ƙwayoyin maganinsa kafin ya ɗaura kaya, ya ƙara na ƴan kwanaki, tunda mota kan lalace, iyaka kan rufe. In tafiyar mai nisa ce, ya gaya wa likita ya nemi na watanni. Ba a fita fatauci ba guzuri.